Na kwali, na kasko ko na kwalba: wane ɗan lambu ya dace a ba uwa?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce 'yar ƙawata ta kira ni daga Leeds. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Anti, tun ranar da Mamanmu ta zo gidanki ta ga 'yan lambunan nan naki, ba ta da zance sai nasu. Ni da ƙannena mun haɗa kuɗi za mu yi mata kyauta, amma na shiga intanet na rasa wanda zan ɗauka." Na ce mata kada ta taɓa kuɗin nan tukuna. Ta fara gaya mini inda Mama za ta ajiye shi, da wanda zai riƙa kula da shi, da kuma ko su yaran suna so hannunsu ya shiga cikin aikin ko kuwa saye kawai za su yi su miƙa. Ta yi shiru, ta ce ba su yi wannan tunanin ba. Bayanin da na yi mata a waya shi nake rubutawa a nan, domin na san ba ita kaɗai ke wannan tambaya ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, lambu ne cikakke amma wanda bai wuce faɗin faranti ko daro ba. Akwai ɗan gida, da hanya ta tsakuwa, da shinge, da benci, da 'yan tsirrai masu ƙananan ganye da ke tsayawa a matsayin bishiyoyi da ciyawa. Na fara ganinsa shekara 11 da suka wuce, watan farko da muka tare a Bradford, a ƙofar gidan wata tsohuwar Baturiya maƙwabciyarmu. A cikin wata tsohuwar baro ta yi nata. Na tsaya da jakar cefane a hannu ina kallon wata 'yar igiyar shanya da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, an rataya mata 'yan riguna. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne damina a Zariya, muna yara muna tara jiƙaƙƙiyar ƙasa a kan ƙafa mu daddaɓe mu zare ƙafar a hankali, ɗaki ya samu, maza kuma suna gefe suna gina shanun laka da motar kara. Tun daga ranar abin ya shiga raina, kuma yarana uku sun gane haka da wuri. Kowane iri cikin ukun da zan kwatanta sun taɓa ba ni shi kyauta, shi ya sa nake magana a kansu da sani.

Turawa suna kiransa lambun feri. Feri a tatsuniyoyinsu wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne masu fukafukai da ke zama a cikin furanni, kuma a nan yankinmu labarinsu ya yi suna ƙwarai. A ƙauyen Cottingley, wanda ke nan kusa da mu, a shekarar 1917 wasu 'yan mata biyu 'yan uwan juna, Elsie Wright mai shekara 16 da Frances Griffiths mai shekara 9, suka ɗauki hotuna a bakin rafi da ke nuna su tare da waɗannan halittu. Hotunan biyar ne gaba ɗaya, manyan mutane masu ilimi suka gaskata, sai a 1983 matan suka amsa cewa zane ne a kan takarda suka yanka suka kafe da allurar hula. Kyamarorin da suka yi amfani da su suna hannun gidan adana kayan tarihin kimiyya da yaɗa labarai na nan Bradford. To amma mu idan aka fassara sunan kai tsaye aka ce lambun aljanu, an ɓata magana. Aljani a wurinmu ba abin wasa ba ne, mun tashi ana hana mu zama a gindin tsamiya da tsakar rana. Saboda haka a gidana ba ma kiransa da wannan suna, ɗan lambu kawai muke cewa.

Akwai kuma batun mutum-mutumi, wanda ya kamata a warware tun kafin a je shago. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna zuwa da 'yar tsana mai fukafukai ko wani ɗan tsoho mai jar hula. An san hadisin da ya nuna Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana, kuma malamai da yawa sun sauƙaƙa a kan kayan wasan yara saboda shi, amma ajiye siffar mai rai a matsayin adon gida ga babba wani abu ne dabam da iyaye da yawa ba sa so. Ni ba na sakawa. Kuma na lura lambun da babu kowa a cikinsa ya fi daɗin kallo: ga ƙofa a buɗe, ga guga a bakin rijiya, sai mutum ya ji kamar masu gidan yanzu suka fita. Idan kun san mahaifiyarku tana da wannan ra'ayi, ku duba cikin kwalin kafin ku biya.

Na kwali shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne yara suka fara kawo mini. Ana samunsa a shagunan kayan wasa da na shuke-shuke. A ciki akwai kwanon roba, da ɗan gida, da tsakuwa mai launi, da 'yar ƙasa a leda, da irin ciyawa. Wanda aka saya mini bai kai fam 20 ba. Auta tana da shekara 5 a lokacin, ita ta barbaɗa irin, kuma cikin mako guda ciyawa ta tsiro kore shar. Murnar da yarinyar nan ta yi ba ta misaltuwa. Kowace safiya kafin ta sa kayan makaranta sai ta je ta auna ciyawar da yatsa. Amma ciyawa irin wannan ba ta tsayawa. Ta fi ƙarfin gidan cikin mako biyu, muka riƙa yi mata aski da almakashi, bayan kamar wata ɗaya da rabi ta yi rawaya ta kwanta. Kwanon ba shi da huda a ƙasa, ruwan da yarinya ke zubawa safe da yamma ba shi da mafita, saiwa ta ruɓe. A gaskiya na kwali kayan wasan yaro ne da aka lulluɓe da sunan kyautar uwa. Ba aibu ba ne in an san haka. Idan mai bayarwa ɗan shekara 4 zuwa 7 ne, kuma abin da ake so shi ne su zauna da uwarsa su yi wani abu tare ranar hutu, ya biya kuɗinsa. Idan kuwa 'yan shekara goma sha ne suka haɗa kuɗi don uwa ta daɗe tana kallo, kada su saye shi. A kuma lura da gargaɗin da ke jikin kwalin: ƙananan kayan ba na gidan da ke da yaro ƙasa da shekara 3 ba ne, domin zai iya haɗiyewa.

Akwai masu tsada a wannan layi, gidajen roba mai tauri da aka yi wa fenti kamar dutse, wasu har da 'yar fitila mai cajin rana. Suna da kyau a hoto. Fentin yana koɗewa idan ya shekara a waje, fitilar kuma a watan Disamba, lokacin da hasken rana a nan arewacin Ingila ba ya kai awa 8, da ƙyar take kamawa. Na tsirran roba kuwa ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Uwar da ke son lambu tana son ganin abu yana girma ne, roba kuma ƙura kawai take tarawa.

Na kasko shi ne wanda nake so in daɗe a kansa, domin shi ne zuciyar al'amarin. Ana samun babbar tukunyar shuka ta jar laka, har ma an fi son wadda ta fashe a gefe ɗaya. A cika rabinta da ƙasa, a kafa babban tsingaron a ciki kaɗan, a ƙara ƙasa a bayansa, sai a samu hawa biyu ko uku kamar gona a jikin tudu. Ƙananan tsingaron su zama matakala. Dole akwai huda a gindin tukunyar, dole kuma a gauraya ƙasar shuka da yashi mai kauri ko ƙaramar tsakuwa don ruwa ya riƙa wucewa. A kasuwar bayan mota ta ranar Lahadi, inda mutane ke baje tsofaffin kayansu a bayan motocinsu, ko shagunan gwanjo ana samun tukwane da araha, mai fasasshiya ma sau da yawa kyauta yake bayarwa.

Inda mutane ke kuskure shi ne wajen tsirrai. Sai a ga an haɗa gansakuka, mai son inuwa da laima, da tsiro mai kaurin ganye irin na busasshen wuri a tukunya ɗaya, don kawai sun yi kyau tare. Ɗaya zai mutu, ko da ƙishi ko da ruɓa. A zaɓi gefe guda. Idan wurin yana samun rana, a nemi sedum da sempervivum, masu ajiye ruwa a ganyensu kuma masu jure sanyin nan, a haɗa da tayim mai yaɗo. Ɗan uwan tayim ɗin nan ne da muke sawa a miya, yana shimfiɗuwa kamar darduma, ya yi 'yan furanni a bazara, in an shafa shi hannu ya yi ƙamshi. Idan wurin inuwa ne, gansakuka da ƙananan tsirran kurmi za a sa. A sayi gansakukar ko a kankaro ta daga bangon gidanku. Dokar kare namun daji da karkara ta 1981 ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba. Bishiya ɗaya ta isa, ita ma irin wadda aka rubuta cewa ba ta girma da sauri. Sannan a daidaita girman komai da ƙofar gidan. Masu gidajen 'yan tsana suna yawan amfani da ma'aunin 1 bisa 12, wato abin da ya kai ƙafa ɗaya a zahiri ya zama inci ɗaya. Ba sai an bi shi daidai ba, amma bencin da ya fi ƙofa tsayi yana kashe kyan lambun nan take.

Na kasko yana da wahalarsa, ba zan ɓoye ba. Laka tana shan ruwa, ruwa kuma idan ya daskare yana kumbura, shi ya sa tukunyar da ta kwana a jiƙe a daren sanyi take tsagewa. Sai an ɗora ta a kan bulo biyu don ta tsane, ko a matsar da ita jikin bango a hunturu. Dodon koɗi da ɗan uwansa marar gida suna fitowa da dare su cinye sabon toho. Tsuntsaye suna tsige gansakuka suna neman tsutsa. Yana bukatar mai leƙa shi sau ɗaya ko biyu a mako, ya datse nan ya gyara can. Kuma yana da nauyi. Idan an cika shi, dattijuwa mai ciwon baya ba za ta iya gusar da shi ba.

Duk da haka shi na fi so, kuma ga dalilina. Shi kaɗai ne ke da wurin da yaro zai sa hannu, bana da baɗi da shekarar da ke biye. Shekaru huɗu da suka wuce mun je gida hutu, babban ɗana ya yi ta ɗaukar hoton zauren kakansa. Ban san me yake nufi ba sai da ranar haihuwata ta zo, ya miƙo mini wani kwalin takalmi ya ce, "Umma, a hankali za ki buɗe." Zauren ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, da zanko huɗu a kusurwoyin soro, da 'yar indararo da ya yi da tsinken shan lemo, har da zanen da ke saman ƙofa ya bi da bakin allura. Ƙanwarsa ta yi rumbu da jinkar busasshiyar ciyawa, auta ta kawo murfin kwalba ta ce rijiya ce. Ƙwallayen dabinon da muka tara a azumi su suka zama dakalin zama. Na riƙe abin nan na kasa magana. Babu shagon da ke sayar da zauren mahaifina, kuma yaron da ya tashi a nan, wanda Hausarsa ma sai a hankali, shi ya zauna dare da dare ya gina shi.

Mun yi asara ɗaya da nake so ku kauce mata. Da lakar da ke bushewa da iska ya yi zauren, irin ta 'yan makaranta. Muka kafa shi a waje, ruwa ya kwana uku yana sauka, bango ɗaya ya narke ya zube. Yaron ya yi kuka, ni ma na yi. Wannan laka ba ta jure ruwa ko da an yi mata fenti. Ya sake gina wani da irin lakar roba da ake gasawa a obin, wannan ya ga hunturu uku yana tsaye. Na farkon, da bangonsa guda a karye, yana kan kantar falo. Abin da aka yi da itace a shafa masa man da ke hana ruwa shiga, abin takarda kuwa kada ya fita waje sam. Ƙwallon dabino a tafasa shi kafin a sa, in ba haka ba wata rana zai tsiro a tsakiyar tsakar gida.

Na kwalba kuma wani abu ne dabam, kuma yana da tarihi mai ban sha'awa. A 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya rufe wani ƙwaro da ke shirin fitar da fukafukai a cikin kwalba da 'yar danyar ƙasa, sai ya ga tsirrai sun fito a ciki suna rayuwa ba tare da an ba su ruwa ba. Daga nan aka ƙera akwatunan gilashi masu ɗauke da sunansa, waɗanda aka yi ta jigilar tsirrai da su a jiragen ruwa, har da shayi daga Sin zuwa Indiya. Wani Bature kuma, David Latimer, ya shuka tsiro a cikin wata ƙatuwar kwalba a 1960, ya ƙara mata ruwa a 1972 ya toshe, tsiron ya ci gaba da rayuwa shekaru da dama bayan haka. Yadda abin yake shi ne ruwan da ganye ke fitarwa yana taruwa a jikin gilashi kamar gumi, ya gangara ya koma ƙasa, saiwa ta sake sha. Tun da babu huda, ana fara zuba tsakuwa a ƙasa, sai ɗan gawayi, sai ƙasar shuka. Fitoniya, mai jijiyoyi fari ko ja a ganye, wadda asalinta daga kurmin Kudancin Amurka take, tana jin daɗin ciki, haka ma gansakuka. Masu kaurin ganye ba sa rayuwa a rufaffiyar kwalba, laima tana kashe su.

'Yata ta tsakiya ce ta ba ni tawa da kuɗin da ta tara, kuma kwalbar ce mafi ƙarancin wahala cikin duka. Tana kan teburin ɗakina, nakan yi wata biyu ban buɗe ta ba. Abu biyu kawai take ƙi: rana kai tsaye, wadda ke dafa tsirran cikin awa kaɗan, da kusantar hita. In gilashin ya yini da hazo har ba a ganin ciki, ruwa ya yi yawa, a buɗe murfin na kwana ɗaya. Ga uwar da ke zaune a bene babu tsakar gida, ko mai aikin dare a asibiti, ko mai yawan tafiya gida ta yi wata biyu, babu kamarta. Raunin kwalba shi ne ba ta karɓar aikin hannun yaro. Yarinyar ta yi 'yar gada da tsinken askirim muka saka, cikin kwana goma funfuna ta rufe ta fari fat, dole muka cire. Itace, zare, takarda, busasshiyar ciyawa, duk haka suke yi a ciki. Dutse, gilashi da roba kaɗai ke zama. Bakinta kuma ƙunci gare shi, sai da dogon cokali ake gyara. Kyauta ce da ake bayarwa sau ɗaya a gama, alhali na kasko kowace shekara ana ƙara masa wani abu.

Lokacin bayarwa ma yana cikin lissafi. Ranar iyaye mata a Birtaniya tana faɗowa ne mako uku kafin Ista, yawanci a watan Maris, ba kamar Amurka ba inda tun 1914 aka tsayar da Lahadi ta biyu ta watan Mayu. A 2025 ta faɗo ranar 30 ga Maris, daidai da ranar da masallatai da yawa a nan suka yi ƙaramar Sallah. Wasu gidajenmu ba sa raya ranar, suna cewa kullum ranar uwa ce, amma yara suna dawowa daga makaranta da kati a hannu, kuma Sallah ko ranar haihuwa ma dalili ne. Abin lura shi ne a Maris sanyin da ke daskarar da ruwa bai wuce ba, a nan arewa yana iya kaiwa cikin Mayu. In kyautar Maris ce, kwalba ba ta da matsala tunda a ɗaki take. In kasko ne, a ba da tukunyar da gidan da sauran kayan a ranar, a bar sayen tsirrai masu laushi sai ƙarshen Mayu, a fita tare da Mama ta zaɓa da kanta.

Wanda mahaifiyarsa ke gida Najeriya ko Nijar, kada ya ɗauki tsiro ko ƙasa a jaka. Ƙetare iyaka da su yana bukatar takardar lafiyar tsirrai, kuma gansakukar Ingila ba za ta ga ƙarshen zafin Afrilu a Kano ba. A tafi da 'yan kayan adon kawai, a sayi kasko a wurin masu tukwane, a nemi masu kaurin ganye a wurin masu sayar da fulawa na bakin titi, a ajiye a inuwar baranda.

Da na gama wannan bayani, 'yar ƙawar tawa ta ce gidansu akwai ɗan fili a baya da rana ke faɗawa daga hantsi zuwa la'asar, Mamansu kuma tana shuka tumatir da alayyafo a bokiti duk bazara, ba ta gajiya da ban ruwa. Na ce to kasko ne naku, da sedum da tayim. Ku kashe kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a kan tukunya da ƙasa, ku ajiye sauran don tsirrai da lakar da ake gasawa, kada ku sayi gida. Na tambaye ta ko akwai wani wuri da Mama ke yawan ambata idan ana hirar gida. Ta ɗan yi tunani ta ce akwai wata rijiya a gidan kakarsu a Katsina, da bishiyar lemun tsami a gefenta, kusan kullum sai ta yi zancenta. Na ce ta nemi hoton a wurin kawunsu. Ranar Lahadi mai zuwa za su zo su ukun, babban ɗana zai nuna musu yadda ake gasa lakar.